Taba Ba Ta Share Hawaye: Martani Ga Mai Cewa A Ƙyale Wanda Aka Yi Wa Rashi Ya Koma Wa Sigari

Komawa shan taba bayan an daina ta fi aukuwa a lokacin da rai ya ɓaci. Rasuwar mahaifi ko ɗa ko abokin zama, sallama daga aiki, karayar jari, mutuwar aure, doguwar jinya, a irin waɗannan ranaku ne mutumin da ya yi watanni ko shekaru bai kai sigari baki ba yake tsintar kansa a gaban mai tebur yana miƙa kuɗin kara ɗaya. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da haka. Tun cikin shekarun 1980, G. Alan Marlatt na Jami'ar Washington da Saul Shiffman, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Pittsburgh, kowannensu ya bi diddigin waɗanda suka daina taba suka koma, suka tarar baƙin ciki da fushi da damuwa suna sahun gaba cikin abubuwan da ke mayar da mutum ruwa.

A kan wannan gaɓa wani marubuci ya fitar da ra'ayin cewa bai kamata a matsa wa tsohon mashayin taba ba idan aka yi masa rasuwa. A ganinsa, a ƙyale shi ya zuƙi kara ɗaya ko biyu a kwanakin makoki, in hankalinsa ya dawo jikinsa sai ya sake dainawa. Hujjojinsa biyar ne: taba tana kwantar da hankali, 'yan karare na 'yan kwanaki ba su isa su yi ɓarna ba, wanda ya iya dainawa sau ɗaya zai iya maimaitawa, kowa da ajalinsa, ko ya sha ko bai sha ba, sannan hana mai makoki abin da ransa ke so rashin tausayi ne. Babu shakka tausayi ne ya sa shi rubutun, kuma ya yi gaskiya da ya ce gori da faɗa ba sa gyara kowa. Sai dai shawarar da ya yanke tana da haɗari, domin za ta iya rushe wa mutum aikin shekaru a daren da ya fi kowane dare rauni.

Maganar cewa taba tana kwantar da hankali

Duk mashayin taba zai rantse cewa zuƙa ɗaya tana sanyaya masa rai, kuma ba ƙarya yake yi ba game da abin da yake ji. Abin dubawa shi ne daga ina wannan sanyi yake fitowa. Sinadarin nikotin da ke cikin hayaƙin taba yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan zuƙa, ya sa ta saki wani sinadarin jin daɗi da ake kira dofamin. Idan aka daɗe ana sha, ƙwaƙwalwa takan sauya tsarinta ta saba da zuwansa. Shi kuwa nikotin ba ya daɗewa a jini, cikin kimanin awa biyu rabinsa ya fice. Da zarar ya fara raguwa sai mutum ya ji ba daɗi, ya riƙa saurin fushi, ya kasa tsayar da hankali wuri ɗaya. Kara na gaba shi ke kawar da wannan ƙunci, sai mashayin ya ɗauka damuwar duniya ce taba ta yaye masa, alhali ƙuncin da ita kanta ta haifar ne ta ɗage na ɗan lokaci. Daɗin irin na mai sosa ƙazuwa ne, cutar ce ke kawo ƙaiƙayin, susar kuma tana ƙara buɗe ciwon.

Bincike ya tabbatar da wannan. A shekarar 1999 masanin halayyar ɗan Adam ɗan Birtaniya, Andy Parrott, ya tattara nazarce-nazarcen da suka nuna cewa mashaya taba sun fi waɗanda ba sa sha yawan kukan damuwa, kuma damuwarsu takan ragu bayan sun daina. A 2014 Gemma Taylor da abokan aikinta suka wallafa a mujallar likitoci ta BMJ sakamakon bincike 26 da suka haɗa wuri ɗaya. Sun tarar waɗanda suka daina taba sun samu raguwar fargaba da ƙuncin rai da damuwa idan aka gwada su da waɗanda suka ci gaba da sha, kuma girman sauƙin ya kai wanda ake samu daga magungunan ciwon damuwa. A 2021 cibiyar Cochrane ta sake bitar lamarin da bincike fiye da 100, sakamakon bai sauya alkibla ba.

A jiki ma abin da nikotin ke yi kishiyar natsuwa ne. Yana sa a saki sinadarin adirenalin, bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau, jijiyoyin jini su tsuke. Ɗan sauƙin gaskiya da mashayi ke samu a lokacin tashin hankali yana zuwa ne daga abubuwan da ke kewaye da shan: tashi daga cikin taro na minti biyar, jan numfashi mai tsawo, samun abin da hannu zai riƙe, tsayuwa da aboki a gefe. Duk waɗannan ana samunsu ba tare da an kunna ashana ba. Ga wanda ya yi shekara da dainawa kuwa, babu ma ƙishin nikotin a jikinsa da karan zai kashe. Abin da ke biyo bayan zuƙar farko shi ne jiri da tari da ɗacin baki, sai nadama ta hau kan baƙin cikin da yake ciki.

Maganar cewa 'yan kwanaki ba sa ɓarna

Kwanakin farko na rashi su ne lokacin da zuciyar ɗan Adam, wato tsokar da ke cikin ƙirji, ta fi shiga haɗari. A 2012 Elizabeth Mostofsky da abokan aikinta a birnin Boston na Amurka suka wallafa bincike a mujallar Circulation kan kusan mutum 2,000 da suka gamu da bugun zuciya. Sun tarar haɗarin kamuwa da shi yakan ninka kusan sau 21 a cikin awa 24 na farko bayan rasuwar wani makusanci, kuma yakan kasance sama da yadda aka saba har tsawon makonni. Wani bincike da aka yi a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2014, ya duba dattawan da suka rasa miji ko mata, ya tarar haɗarin bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ya ninka kusan sau biyu a cikin kwana 30 na farko.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne ga duk wanda ya taɓa zaman makoki. Mai rashi ba ya barci, ba ya cin abinci, yana tsaye yana zaune yana karɓar gaisuwa daga hantsi har bayan isha'i, sau da yawa ma ya manta da maganin hawan jini ko na ciwon suga da yake sha kullum. Firgici yana ɗaga jininsa, yana kuma sa jinin saurin daskarewa. Hayaƙin taba yana ƙara duk waɗannan. Yana tsuke jijiyoyi, yana ƙara wa jini danƙo, sannan iskar guba da ke cikinsa tana kama gurbin iskar da jini ke kai wa zuciya. Ke nan lokacin da marubucin ya zaɓa don a sassauta shi ne lokacin da jiki ya fi kasa ɗaukar taba.

Ƙanƙantar adadi ma ba kariya ba ce. A 2018 Allan Hackshaw na Jami'ar Landan da abokan aikinsa suka haɗa bincike 141, suka tarar mai shan kara ɗaya tal a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mai shan kara 20 yake ɗauke da shi. Ɓarnar taba ga zuciya tana farawa tun daga ɗan kaɗan. Sannan gidan makoki cike yake da tsofaffi da yara da masu juna biyu da masu ciwon asma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba mashaya ba ne, hayaƙin wasu suka shaƙa.

Maganar cewa zai sake dainawa

Wannan ita ce hujjar da ta fi kowace rauni, kuma ita ce ta fi yaudarar mashayin kansa. Daina taba abu ne mai wuyar samu. Cikin waɗanda suka yi ƙoƙarin dainawa ba tare da magani ko taimakon kowa ba, kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ne kawai ke kaiwa wata shida zuwa shekara ba su koma ba. Galibin waɗanda suka yi nasara sai da suka faɗi sau da dama kafin su tsaya da ƙafafunsu. Wanda ya kai shekara ɗaya ko biyu ya mallaki abin da mutane da yawa suka nema suka rasa, kuma babu mai iya lamunce masa cewa in ya sake shi zai sake kama shi.

Kara ɗaya kuwa ba kasafai yake tsayawa a ɗaya ba. Binciken da Thomas Brandon da abokan aikinsa suka wallafa a 1990 ya nuna cewa kusan tara cikin goma na waɗanda suka ɗanɗani taba bayan sun daina sun ƙare da komawa shanta gadan-gadan. Hanyoyin da nikotin ya shimfiɗa a ƙwaƙwalwa ba sa gogewa, kwanciya kawai suke yi, kuma zuƙa kaɗan ta isa ta tashe su. Abin da ya fi muni shi ne darasin da ƙwaƙwalwa ke ɗauka a wannan dare, cewa maganin baƙin ciki taba ce. Duk ranar da rai ya sake ɓaci, can za ta nufa.

Marubucin ya yi magana kamar baƙin ciki yana da ranar ƙarewa, kamar da an yi sadakar uku ko ta bakwai ko ta arba'in shi ke nan. Masu rashi sun san akasin haka. A kwanakin farko gida cike yake, tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, maƙwabta suna shigo da abinci, kowa na cewa ya ƙarin haƙuri. Zafin gaske yana sauka ne bayan an naɗe tabarmi, baƙi sun watse, mutum ya shiga ɗaki ya ga takalman mamacin a bakin ƙofa. A lokacin ne masu bin bashi ke sallama, maganar rabon gado ta taso, kuɗin makarantar marayu ya zo. Wanda ya ce zai daina in abubuwa sun lafa zai daɗe yana jira. Abin da ya faru a birnin New York ya nuna haka. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001, David Vlahov da abokan aikinsa sun tarar shan taba ya ƙaru a tsakanin mazauna Manhattan, da suka sake dubawa bayan wata shida kuma, ƙarin bai gushe ba, duk da cewa alamun firgicin sun ragu sosai.

Ko da mutum ya yi ƙarfin halin sake dainawa, sai ya sake bi ta cikin wahalar farko: rashin barci, saurin fushi, ƙuncin rai, waɗanda suka fi tsanani a makon farko, su ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin su lafa. Shawarar marubucin tana nufin a ɗora masa wannan wahala a kan makokin da bai gama ba.

Maganar ajali

Tunanin da ya fi zuwa wa mai rashi a hanyar dawowa daga maƙabarta shi ne, ga wane bai taɓa shan taba ba, ga shi an rufe shi yana da ƙuruciya, to wahalar me ake sha? Marubucin ya ɗauki wannan raɗa ta baƙin ciki ya mai da ita hujja. Imani da cewa rai yana hannun Allah gaskiya ne, amma bai taɓa hana riƙo da sababi ba. Mutanen da ke zaune a wajen makokin su ne suka ɗauki mamacin zuwa asibiti, suka sayar da kadara don sayen magani, ba wanda ya ce a bar shi tunda ajali ɗaya ne. Ba a barin yaro a bakin rijiya a ce in kwanansa bai ƙare ba ba zai faɗa ba.

Taba sababi ce da aka auna ƙarfinta. A 1951 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka fara bin rayuwar likitocin Birtaniya maza fiye da 34,000, aka ci gaba da binciken har shekara 50. Rahoton da ya fito a 2004 ya nuna cewa, a matsakaicin lissafi, masu shan sigari suna rasuwa kimanin shekara 10 kafin waɗanda ba sa sha. Wanda ya daina yana ɗan shekara 30 ya kauce wa kusan duk wannan asara, wanda ya daina a 50 ya kauce wa kusan rabinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan shekara ɗaya da dainawa haɗarin ciwon zuciya yakan sauko zuwa kusan rabin na mai sha, bayan shekara 10 kuma haɗarin sankarar huhu ya ragu da kusan rabi. Wannan ribar ce ake cewa a zubar.

Kuma ɓarnar taba ba ta tsaya ga mutuwa ba. Akwai shekarun haki da tari, da mutumin da ba ya iya hawa matakala, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye sai an kwantar an tayar. Sau da yawa wanda aka yi wa rashin shi ne wanda nauyin gidan ya dawo kansa, babban ɗa ko ƙanin mamaci ko uwar marayu. Lafiyarsa ta zama amanar da wasu suka dogara da ita.

Maganar tausayi

Al'adar Hausawa da koyarwar Musulunci sun riga sun fayyace yadda ake tausaya wa mai rashi, wato a sauke masa nauyi. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci a dafa wa iyalansa abinci, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Wannan ne ma'aunin. Duk abin da za a miƙa wa mai makoki a tambaya, zai rage masa kaya ne ko zai ƙara?

Yadda abin ke faruwa sananne ne. Bayan sallar isha'i, jama'a sun ragu, sai wani tsohon abokin majalisa ya ja hannun mai rashin zuwa bayan katanga, ya zaro kwali ya ce ya ɗan busa ko ya samu sa'ida, yau ai ba ranar takura kai ba ce. Da zuciya ɗaya ya yi, amma abin da ya miƙa bashi ne da abokinsa zai daɗe yana biya. Aboki na gari zai iya jan hannun nasa zuwa wuri guda, ya miƙa masa ruwa, ya tsaya da shi, ya saurare shi ko su yi shiru tare. Tsakanin sakaci da tsangwama akwai hanya mai faɗi, ita ce marubucin bai duba ba.

Abin da ya kamata a yi

Binciken Shiffman da Andrew Waters na 2004 ya gano wani abu mai amfani. Zamewar da ke da nasaba da ɓacin rai ba ta bin yawan damuwar kwanakin da suka gabata, tana bin tashin ɓacin rai ne na 'yan sa'o'in da ke gabanta. Ma'ana, ba duk tsawon makokin ne fagen yaƙi ba, wasu 'yan lokuta ne ƙalilan masu kaifi. Shi kansa kwaɗayin taba yakan taso ya yi ƙarfi ya faɗi cikin 'yan mintuna, ko an sha ko ba a sha ba. Musulmi mashayi ya riga ya san haka a jikinsa, domin a watan Ramalana yakan wuni daga alfijir zuwa faɗuwar rana bai kunna ba, kwaɗayin ya zo ya wuce yana ji yana gani.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya daina taba ya kamata tun yana cikin kwanciyar hankali ya yanke wa kansa hukunci ɗaya, cewa ko zuƙa ɗaya babu, komai ya faru, ya kuma zaɓi mutum ɗaya da zai kira in abin ya taso masa. In akwai mara lafiya a gida da jikinsa ya yi tsanani, lokacin shiri ya yi. Kada a ajiye sigari ko ashana ko leta a aljihu ko a mota. A kauce wa hanyar da ke bi ta gaban mai teburin da aka saba saye. Dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta haramta sayar da sigari kara-kara, amma har yanzu ana samunsa haka a lunguna da tashoshi, kuma wannan arha da sauƙin samu su ne tarkon tsohon mashayi, tunda zai ce wa kansa ai ba kwali zai saya ba.

A kwanakin makoki, idan kwaɗayin ya taso, a jinkirta minti goma, a cika su da wani abu. A tashi a yi alwala a yi nafila, a ja carbi, a sa asuwaki a baki, a kurɓi ruwa a hankali, a taka zuwa masallaci da wani, a ja numfashi mai tsawo a sauke shi sannu-sannu. A daure a ci abinci ko kaɗan ne, a kwanta ko barci bai zo ba, domin yunwa da gajiya suna karya ƙarfin hali. A rage shayi mai kauri da kofi da goro, musamman da dare. Jikin mashayin taba yana saurin narkar da sinadarin da ke cikinsu mai hana barci, bayan an daina kuwa sinadarin yakan daɗe a jiki, ya ƙara faɗuwar gaba da rashin barci. Kada kuma a gudu daga sigari a faɗa wa shisha ko garin taba, duk nikotin ne, balle maganin tari mai sa maye ko ƙwayar barci da likita bai rubuta ba.

Akwai buƙatar a bar baƙin ciki ya fita ta hanyarsa. Ana yawan ce wa namiji ya daure, kada a ga hawayensa, sai ya haɗiye abin ya je ya fitar da shi da hayaƙi a bayan gida. Zubar hawaye bai saɓa wa haƙuri ba, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Mata masu shan taba, waɗanda kunya ke sa su ɓoye, sun fi shiga matsi, musamman mai takaba da za ta yi wata huɗu da kwana goma galibi a cikin gida. Tana buƙatar 'yar'uwa ko aminiya da za ta iya faɗa wa gaskiya ba tare da tsoron tonon silili ba.

Magani ma yana nan. Cingam da filastar nikotin da ake liƙawa a fata suna ba jiki nikotin kaɗan ba tare da gubar hayaƙi ba, kuma bitar Cochrane ta nuna suna ƙara yiwuwar dainawa da kashi 50 zuwa 60 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna tun 2009, ta ƙara da ƙwayoyin bupropion da varenicline a 2021. Wanda bai daɗe da dainawa ba kuma yana kan magani, lokacin rashi ba lokacin yanke shi ba ne. Wanda ya ji yana gab da zamewa ya tuntuɓi likita ko mai ilimin haɗa magunguna, musamman in yana da ciwon zuciya, ko mace ce mai juna biyu. In har sai an zaɓa tsakanin cingam da kara, cingam ya fi sauƙin illa nesa ba kusa ba.

Idan an riga an zame

Marlatt da Judith Gordon, a aikinsu na 1985 kan hana komawa shaye-shaye, sun bayyana cewa abin da mutum ya faɗa wa kansa bayan zamewar farko yana da babban tasiri kan abin da zai biyo baya. Wanda ya ce tunda ya riga ya karya shi ke nan, shi dama ba ya da zuciya, yakan ƙarasa kwalin. Wanda ya ɗauki abin a matsayin tuntuɓe a rana mai wuya ya fi samun damar miƙewa. Abin yi shi ne a zubar da ragowar nan take, a faɗa wa wanda aka amince da shi, a gano abin da ya jawo, wane wuri ne, wane mutum, wane lokaci, a koma kan hanya a ranar ba tare da jiran Litinin ko farkon wata ba. Mai amfani da filasta ya ci gaba da liƙa ta. Iyali kuma su kame bakinsu daga gori.

A nan ne ra'ayin marubucin ya fi kusa da gaskiya, kuma a nan ne bambancin yake. Yafe wa wanda ya zame da taimaka masa ya tashi wajibi ne. Ba shi izinin zamewa tun kafin ya zame wani abu ne daban, domin izinin yana cire masa katangar da yake jingina da ita a lokacin da ƙafafunsa ba su da ƙarfi.

Lokacin neman likita

Mafi yawan masu rashi suna farfaɗowa sannu a hankali da taimakon dangi da addu'a da wucewar lokaci. Wasu kuwa baƙin cikin yakan ƙi sakinsu. Sabon kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022, ya amince da dogon baƙin ciki a matsayin lalurar da ake dubawa, idan begen mamaci ya mamaye mutum fiye da wata shida, ya wuce abin da al'adarsa da addininsa suka saba, ya hana shi sana'a da hulɗa da mutane. Irin wannan mutum yana cikin babban haɗarin komawa taba da abin da ya fi taba. Rashin barci na makonni, ƙin abinci, rama, da yanke ƙauna daga rayuwa alamu ne da ke buƙatar ganin likita. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, da sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, suna duba damuwa da jarabar shaye-shaye a tare. Idan mai rashi ya fara maganar kashe kansa, ko ya ji ciwon ƙirji mai danna shi, ko numfashinsa ya sarƙe, ko ɓarin jikinsa ya yi nauyi, a kai shi asibiti mafi kusa nan take, kada a jira a tashi daga zaman makoki.